Tarihin Kafuwar Kasuwar Pike Place ta Birnin Seattle

Kasuwar Pike Place tana cikin birnin Seattle na jihar Washington, a kusurwar arewa maso yammacin Amurka. Tana zaune a kan tudu mai gangare da ke kallon mashigin ruwan Elliott, wani sashe na ruwan Puget Sound da ya kutso cikin ƙasa daga tekun Pasifik. An buɗe ta ranar 17 ga Agusta, 1907, kuma tun daga lokacin take ci ba ta taɓa tashi ba, shi ya sa ake lissafa ta cikin tsofaffin kasuwannin manoma na Amurka. Ta samo sunanta daga ɗan gajeren titin da ta mamaye. A yau ta zarce kasuwa kawai, ta zama unguwa mai faɗin eka tara, mai rumfuna da shaguna da gidajen abinci da gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi. Manufar da aka kafa ta a kai ita ce mai noma ya sayar wa mai ci hannu da hannu, ba tare da kowa ya shiga tsakani ba, kuma kusan duk rigingimun da aka yi a kanta sun taso ne wajen kare wannan manufa.

Garin kafin kasuwa

Kafin zuwan Turawa, gaɓar mashigin Elliott ƙasar ƙabilun Duwamish da Suquamish ce, masu kamun kifi da tuƙa kwale-kwale. Ayarin Turawan da suka kafa garin ya sauka a Alki a 1851, suka ƙaura zuwa gabashin mashigin a 1852, suka raɗa wa garin sunan wani shugaban 'yan asalin wurin. Sana'ar katako da jiragen ruwa ce ta raya garin a farkonsa. Gobarar ranar 6 ga Yuni, 1889 ta cinye tsakiyar birnin, aka sake gina shi da bulo da dutse. A 1897 labarin zinariyar Klondike ya ɓulla, Seattle ta zama zangon da masu neman arziki ke sayen guzuri kafin su nufi arewa. Mutanen garin da ba su wuce dubu 43 ba a 1890 sun kai dubu 80 a 1900, suka haura dubu 237 a 1910.

Wannan ɗimbin jama'a tana bukatar abinci, kuma manoman lambu na kewaye ne ke noma shi. Wasu na zuwa da keken doki daga kwarin Rainier da kwarin kogin Duwamish, wasu na tsallako ruwa daga tsibiran Vashon da Bainbridge a ƙananan jiragen ruwa masu tururi. Sai dai manomi ba shi da inda zai baje kayansa. Dole ya kai wa 'yan kamasho da suka jera rumbunansu a titin Western, daf da tashar jiragen ruwa. Su ke yanke farashi, su cire ladansu, su ba shi abin da ya rage. Sau da yawa manomi kan koma gida bai mayar da kuɗin aikinsa ba, alhali mai saye a cikin gari yana kukan tsada. Tsakanin 1906 da 1907 tsadar kayan miya ta kai maƙura, abin da aka fi tunawa shi ne farashin albasa da ya ninka har sau goma.

Ranar farko

Wani kansila kuma lauya mai suna Thomas Revelle ne ya ɗauki koken. Ya binciko wata dokar birni ta 1896 da ta ba majalisa ikon ware fili don kasuwar jama'a, dokar da ba a taɓa aiki da ita ba. A lokacin an gama shimfiɗa wani sabon titin katako a gefen tudun, wanda ya tashi daga ƙarshen titin Pike ya miƙe arewa. A farkon watan Agustan 1907 majalisar birni ta amince a ba manoma gefen wannan titi su tsayar da kekunansu su sayar da abin da suka noma.

Ranar Asabar, 17 ga wata, manoma kimanin goma ne kawai suka yi ƙarfin halin fitowa, domin da yawa suna tsoron kada 'yan kamasho su daina karɓar kayansu idan gwajin bai yi nasara ba. Masu saye kuwa sun yi dafifi, akasarinsu matan gida riƙe da kwanduna. Kafin azahar babu ko ganye a kan kekunan, mutane da yawa suka koma hannu rabbana. Labari ya bazu cikin karkara, kafin mako ya zagayo kekuna kusan 70 ne ke jere a titin.

Daga bakin titi zuwa rumfuna

Seattle gari ne mai yawan ruwan sama, kasuwar fili ba za ta jure damina da hunturu ba. Wanda ya fara hango haka shi ne Frank Goodwin, ɗan kasuwar filaye da ya samu jari daga harkar zinariyar arewa, wanda shi da 'yan'uwansa suka mallaki otal ɗin Leland da filin da ke gefen tudun. Ya gina doguwar rumfa mai gurabe 76, aka buɗe ta ranar 30 ga Nuwamba, 1907, nan take aka kame guraben duka.

Daga nan gine-gine suka riƙa biyo juna. A 1910 aka gina Sanitary Market, wadda ta yi suna da hana shigar da dawaki cikinta saboda tsabta. A 1911 birni ya ƙara rumfuna ta arewa, a 1912 aka kammala Corner Market a kusurwar titin, sannan a 1916 aka mayar da wani tsohon gini na kudu ya zama Economy Market. Da yake wurin gangare ne, 'yan Goodwin ba su ɗaga ginin sama ba, sai suka bi tudun suna saukowa da shi hawa-hawa zuwa titin Western. Mai shiga daga titin Pike Place yana shiga ne ta hawan da ya fi kowanne tsayi, sauran shagunan suna ƙarƙashin ƙafarsa.

Tun daga wannan zamani aka samu rabon aiki da ya daɗe. Gine-ginen na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, suna ba mahauta da masu kifi da masu burodi haya. Teburan manoma kuwa birni ke kula da su. Akwai jami'in kasuwa da ke raba gurabe ta hanyar ƙuri'a a kan kuɗi kaɗan, yana duba sikeli, yana kuma tabbatar da cewa mai tebur shi ya noma abin da ke gabansa. A farkon shekarun 1920, da motoci suka yawaita, birni ya nemi kwashe manoma daga kan titin, har aka kawo shawarar mayar da su wata unguwa. 'Yan Goodwin suka yi tayin ƙara rumfuna a inda ake, majalisa ta karɓa, kasuwar ta tsaya a mazauninta. A tsakiyar shekarun ne Arthur Goodwin, ɗan ɗan'uwan Frank, ya karɓi ragamar kamfanin iyalin.

Mutanen kasuwa

Baƙi 'yan ci-rani ne suka riƙe kasuwar a shekarunta na farko. Mafi yawan manoman da ke kan tebura 'yan asalin Japan ne, sai Italiyawa da 'yan Filifin. Dokar jihar Washington ta 1921 ta hana baƙin da ba su da damar zama 'yan ƙasa mallakar gona ko karɓar hayarta, dokar da aka auna Japanawa da ita. Duk da haka suka ci gaba da noma, wasu da sunan 'ya'yansu da aka haifa a Amurka, wasu ta hanyar yarjejeniya da masu filaye. Cinikin kifi kuwa ya fi ƙarfi a hannun Yahudawan Sefardi da suka zo daga tsibirin Rhodes da yankin Marmara na Daular Usmaniyya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kifi ya yi tsada, birni da kansa ya buɗe shagon kifi a kasuwar don ya karya farashi, shagon da daga baya ya koma hannun 'yan kasuwa yana riƙe da sunan City Fish.

Cikin manoman Italiya akwai Giuseppe Desimone, wanda aka fi sani da Joe. Ya zo Amurka ba shi da komai, ya yi noman lambu a South Park a bakin kogin Duwamish, ya fara da tebur ɗaya, yana tara riba yana sayen hannun jari a kamfanin kasuwar. A 1941 ya zama mai mallakar manyan rumfunan. Bayan rasuwarsa a 1946 ɗansa Richard ya gaje shi.

Shekarun karayar tattalin arziki na 1930 ba su durƙusar da kasuwar ba, sun ma ƙara mata jama'a, domin a nan talaka ke samun abinci mai araha. A wannan zamani ne wani babban allo mai jan haske da agogo ya zama alamar da ake gane ta da ita. Mai zane Mark Tobey ya shafe shekaru yana zana fuskokin 'yan kasuwar da tsofaffin ma'aikatan jirgi da ke wuni a cikinta. A 1939 manoma 515 ne ke riƙe da lasisin sayarwa.

Yaƙi da koma-baya

Harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941 ya juya al'amura. Bayan 'yan kwanaki gobara ta ci Sanitary Market. Ranar 19 ga Fabrairu, 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066, wanda a ƙarƙashinsa aka kwashe kusan mutum dubu 120 'yan asalin Japan zuwa sansanoni, akasarinsu 'yan ƙasar Amurka ne da ba a tuhume su da laifin komai ba. Mazauna tsibirin Bainbridge aka fara kwashewa a ƙarshen Maris. Na Seattle aka tara su a Puyallup, daga nan aka wuce da su Minidoka a jihar Idaho. Suka bar amfanin gona a tsaye, suka sayar da kayan aiki a wulaƙance. Teburan kasuwar suka zama wayam. A 1943 masu lasisi sun ragu zuwa 196, kuma kaɗan ne daga cikin waɗanda aka kwashe suka dawo sana'ar bayan yaƙi.

Sauye-sauyen bayan yaƙi suka ƙara dagula lamarin. Masu hali suka ƙaura zuwa sabbin unguwannin bayan gari, suna sayayya da mota a manyan kantunan zamani. Motocin sanyi suka riƙa kawo kayan lambu daga Kalifoniya rani da damina. Gonakin kwarin Duwamish da na kogin Green suka koma masana'antu da rumbunan ajiya. A 1949 manoma 53 kacal suka rage. A 1953 aka buɗe gadar sama mai hawa biyu ta Alaskan Way a bakin ruwa, ta raba kasuwar da tashar jiragen da ta rayu da ita. Gine-gine suka tsufa babu gyara, unguwar ta zama matattarar tsofaffi marasa galihu da ke kwana a otal-otal masu arha.

Shirin rushewa da ƙuri'ar 1971

Tun 1950 aka fara kawo shawarar rushe kasuwar a gina wurin ajiye motoci. A 1963 ƙungiyar manyan 'yan kasuwar tsakiyar birni ta fito da cikakken shiri, wanda daga baya aka sani da Pike Plaza: a share unguwar da kuɗin gwamnatin tarayya na sabunta birane, a gina otal da dogayen benaye da dubban guraben motoci. Magajin gari da majalisa da manyan jaridu duk suna bayan shirin.

A 1964 wasu 'yan gari suka kafa ƙungiyar Abokan Kasuwa. Wanda ya zama jagoranta shi ne Victor Steinbrueck, malamin zanen gine-gine a Jami'ar Washington, wanda ke da hannu a zanen hasumiyar Space Needle. Hujjarsa ita ce darajar wurin ba a bangonsa take ba, tana cikin mutanen da ke saye da sayarwa da waɗanda ke zaune kewaye da shi, don haka duk gyaran da zai kore su rushewa ce ko da an bar ginin a tsaye. Ya riƙa zagayawa da mutane cikin rumfunan, yana zana lunguna da fuskoki yana bugawa. A 1969 ƙungiyar ta miƙa wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum kusan dubu 53, majalisa ta yi watsi da ita. Abin da hukuma ta yarda ta bari bai kai eka biyu ba.

Da haka ƙungiyar ta koma ga jama'a kai tsaye. Dokar birnin ta ba 'yan gari damar gabatar da ƙuduri a jefa masa ƙuri'a idan suka tara isassun sa hannu, suka kuwa tara su cikin 'yan makonni. Ranar 2 ga Nuwamba, 1971 aka kaɗa ƙuri'a: mutum 76,369 suka zaɓi a bar kasuwar, 53,264 suka ƙi. Ƙudurin ya ware eka bakwai a matsayin yankin tarihi, ya kuma kafa hukumar da sai da izininta za a taɓa wani abu a ciki.

Sabon tsari

Ikon wannan hukuma bai tsaya ga siffar gini ba, ya haɗa da irin sana'ar da za a yi a kowane shago. Ƙa'idojinta sun fifita abinci da amfanin gona, sun bukaci mai shago ya kasance yana gudanar da shagonsa da kansa, sun kuma hana manyan kamfanoni masu rassa shigowa. An yarda kamfani ya fara a kasuwar ya bunƙasa a waje. Ta wannan ƙofa ce Starbucks ke da shago a wurin: an buɗe shi a 1971 a titin Western yana sayar da 'ya'yan gahawa, ya ƙaura zuwa titin Pike Place a 1976, tun kafin ya zama kamfanin duniya.

A 1973 birni ya kafa hukumar raya kasuwar, mai zaman kanta amma mallakar jama'a, wadda ta sayi akasarin gine-ginen, ciki har da rumfunan iyalan Desimone a 1974. Sanata Warren Magnuson ya yi ƙoƙari wajen karkato da kuɗin tarayya, har da irin waɗanda aka so a yi rushewar da su, zuwa aikin gyara. Aka shafe shekarun 1970 ana sabunta gine-ginen ɗaya bayan ɗaya, ana kiyaye kamanninsu. Takardar kafa hukumar ta ɗora mata nauyin kula da talakawan unguwar, don haka aka gyara tsofaffin otal-otal suka zama gidaje masu sauƙin haya, aka buɗe asibitin sha-ka-tafi da cibiyar tsofaffi da wurin rainon yara da rumbun rabon abinci. Da tallafin tarayya ya ragu, aka kafa gidauniyar kasuwar a 1982 don tara gudunmawa. A tsakiyar shekarun 1980 dubban mutane suka biya dala 35 kowanne aka rubuta sunayensu a tayil ɗin da aka shimfiɗa a daɓen babbar rumfa.

Barazana ta sake tasowa a ƙarshen shekarun 1980. Don samun kuɗin gyara, hukumar ta taɓa sayar wa wasu masu zuba jari na New York gine-gine a takarda, su amfana da rangwamen haraji, ita ta ci gaba da gudanarwa. Daga baya masu jarin, ƙarƙashin kamfanin Urban Group, suka ce mallakar ta haƙiƙa ce, suka nemi iko da ƙarin haya. Peter Steinbrueck, ɗan Victor wanda ya rasu a 1985, ya jagoranci 'yan gari zuwa kotu. A 1991 aka sasanta, aka biya masu jarin, kasuwar ta tabbata a hannun jama'a.

Yadda take ci a yau

Teburan yini suna nan a kan tsohuwar ƙa'ida, wadda aka tsara a wata yarjejeniya ta 1983 da ake kira Hildt. Manoma ke da fifiko. Masu sana'ar hannu, waɗanda suka cike guraben da manoma suka bari tun shekarun 1960, suna taruwa kowace safiya a ƙarshen rumfar arewa, jami'in kasuwa yana kiran suna bisa daɗewar mutum a wurin, kowa ya zaɓi teburin da zai zauna a ranar. Sharaɗin shi ne abin da ke kan tebur ya zama aikin hannun mai shi. Tun shekarun 1980 'yan ƙabilar Hmong da suka yi gudun hijira daga Laos suka zama ƙashin bayan manoman, su ne ke jera dammunan furanni da suka cika rumfar daga bazara zuwa kaka. Makaɗa da mawaƙa suna da wurare da aka yi wa alama a ƙasa, kowa da lokacinsa. A ƙarƙashin agogo akwai shagon kifin da John Yokoyama ya saya a 1965, inda idan aka yi ciniki ma'aikacin da ke waje zai ɗaga murya ya faɗi abin da aka saya, sauran su amsa baki ɗaya, ya wurga ƙaton kifin salmon ta saman kanta, na ciki ya cafe da takarda ya naɗe. A 2018 ya sayar wa tsofaffin ma'aikatansa shagon.

A 2008 masu zaɓe suka amince da ƙarin haraji na dala miliyan 73 don sabunta wayoyin wuta da bututun ruwa da ƙarfafa gine-ginen saboda girgizar ƙasa. A watan Yunin 2017 aka buɗe sabon sashe mai suna MarketFront a filin wani gini da gobara ta ci a 1974, mai ɗauke da ƙarin tebura da shaguna da gidajen tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Gadar Alaskan Way, wadda girgizar ƙasa ta 2001 ta raunana, an maye gurbinta da hanyar ƙarƙashin ƙasa aka rushe ta a 2019. A watan Oktoban 2024 aka buɗe faffaɗar hanyar ƙafa ta Overlook Walk, wadda ta sake haɗa kasuwar da bakin ruwa bayan shekara saba'in.

Miliyoyin mutane ke ziyartar kasuwar a shekara, mutum ɗaruruwa kuma suna zaune a gidajenta. Matsalolin da ke gaban hukumominta yanzu su ne tsadar gonaki a kewayen birnin da ke rage sabbin manoma, cunkoson 'yan yawon buɗe ido da kan hana mazauna gari yin cefane cikin sauƙi, da muhawarar taƙaita shigar motoci titin Pike Place ba tare da an tauye masu sauke kaya ba.